Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: Wata 19 Ina Neman Sunan Ciwona

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa, 'ya'yana uku. Wannan wasiƙa a safiya huɗu na rubuta ta, don idan rana ta take ba na iya dogon zama da biro. Layukan sai su koma bibbiyu, fatar idona ta hagu ta sauko kamar an saki labule. Da safe garau nake, da yamma kamar an zare mini laka. Wannan maganar da na faɗa muku yanzu na maimaita ta a asibiti ya fi sau goma kafin a samu wanda ya ɗago kai daga kan kati ya dube ni. Ciwon sunansa mayasteniya, kuma a kansa na zo muku da roƙo. Ba zan ambaci sunan asibiti ko na ma'aikaci ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Na tabbata duk wanda ya rubuta mini magani da niyyar in warke ya rubuta.

A azumin 2023 abin ya soma, azumin da ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu. Da an yi la'asar sai ido ya yi mini nauyi. Kowa ya ce azumi ne, ni ma na yarda. Wata rana wajen buɗa-baki na kurɓi kunun tsamiya, sai ga shi yana fitowa ta hancina. Yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Sallah ta zo ta wuce, abin bai wuce ba. A aji, idan na ɗauki minti goma ina karanta wa yara darasi da ƙarfi, sai muryata ta koma ta hanci kamar mai tsohuwar mura, harshe ya yi nauyi, kalmomi su riƙa cakuɗewa. In na yi shiru na ɗan lokaci sai ta dawo. Rubutu a saman allo ya gagare ni, hannun sai ya sauko da kansa, na koma rubutu daga tsakiyar allo zuwa ƙasa. Ranar Babbar Sallah aka kawo mini soyayyen nama, na tauna yanka biyu, a na uku muƙamuƙina ya mutu murus, sai da na tallafe haɓata da hannu. Hotunan da aka ɗauka ran nan har yau ba na son ganinsu. Ni a raina murmushi nake yi, a hoton kuwa yaƙe ne, har wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko an ɓata mini rai.

Kamar kowa, kemis na fara zuwa. Aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifot. Ranku ya daɗe, kun san wannan gwajin taifot ɗin da ba ya taɓa sallamar mutum hannu rabbana. Aka haɗa mini sifro da allurar janta ta kwana biyar. A dare na uku na kasa kwanciya rigingine. Wuyana ya kasa ɗaukar kaina, numfashi ya koma gajere-gajere kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Maigidana ya nemo mota cikin dare. A asibiti aka maƙala mini 'yar na'urar nan a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini, ta nuna 97, wato daidai, aka saurari ƙirji aka ce fes yake. Aka ce tsoro ne, in kwantar da hankalina, aka sa mini ƙarin ruwa. A zaune na kwana ina ƙirga azarar silin. Allah ne kawai Ya sa da sauran shan ruwana a gaba, kuma da aka kwantar da ni ba a ci gaba da allurar ba.

Daga nan yawo ya kama. Asibitin ido suka ba ni tabarau. Wani wuri aka ce alamar shanyewar ɓarin jiki ce, amma da aka auna jinina bai hau ba. Wani likita, bayan ya sa na matse masa yatsu ya ji ƙarfina, sai ya sassauta murya ya ce, "Malama, ko maigida aure zai ƙara?" A gida kuwa magana ta rabu biyu. Dangina suka ce jifa ne ko shafar aljani. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ba na raina addu'a, ita ta riƙe ni. Kuma malamin da ke yi mini karatu, Allah Ya saka masa, shi da bakinsa ya ce da maigidana, "Ku ci gaba da addu'a, amma wannan na asibiti ne." Dangin miji kuma suka ce son jiki ne. Ban ga laifinsu sosai ba. Matar da ka gani da hantsi tana shara tana wanki, da la'asar ka same ta kwance ta ce ba ta iya ɗaga tukunya, me za ka ce?

A nan gizo yake saƙa, kuma shi na fi so ku lura da shi. Asibitinmu da safe ake ganin likita. Mai irin ciwona ya yi barcin dare ya huta, ya zo ya zauna a benci awa uku yana jiran layi, ya ƙara hutawa. Lokacin da za a kira sunansa yana kan ganiyar ƙarfinsa. Likita zai ce matse hannuna, ya matse. Ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Minti uku an gama, an rubuta maganin ƙarin jini. Ciwon kuwa yana can yana jiran la'asar, lokacin da an rufe ɗakin ganin likita.

Da na gaji, sai na yi abin da na iya. Na sayi littafi mai shafi 40 na ja masa layi kamar rajistar aji: ƙarfe bakwai na safe, azahar, magariba. Ido, murya, tauna, hannu, wuya. Na riƙa ɗaukar fuskata a waya safe da yamma. Ƙanwata da ke makarantar koyon jinya ta zo hutu ta ga hotunan, ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, an taɓa koya mana wani abu mai kama da wannan, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita." Ta rubuta mini sunan a takarda. Na kai wa wani likita, ya duba ya yi dariya ya ce ai na zo da cutata daga intanet, to shi me zai yi mini? Na ninke takardar na mayar jaka. Ta yi wata biyar a ciki.

A watan Oktoban 2024 na faɗa hannun wata matashiyar likita, da ƙyar in ta kai shekaruna. Ta karɓi littafin ta karanta shi shafi-shafi. Ta ɗaga yatsanta sama da goshina ta ce in kafe shi da ido kada in ƙifta. Kafin minti ɗaya fatar idon ta sauko ta rufe rabin ƙwayar. Ta ce in yi ta ƙirga da ƙarfi, ban yi nisa ba muryar ta bi ta hanci. Sai ta leƙa waje ta kira masinja ta ba shi kuɗi ya sayo ƙanƙara wajen mai sayar da ruwan leda a bakin ƙofa. Ta fasa ta zuba a safar hannu ta roba, ta ɗaure, ta ɗora mini a kan idon minti biyu tana kallon agogo. Da ta ɗauke sai ta miƙo mini wayarta in ga fuskata. Idona a buɗe tar, irin buɗewar da na yi shekara da rabi ban gani ba da rana. Na fashe da kuka. Ta ce, "Anti, ba aljani ba ne, ba kuma son jiki ba ne. Ina zargin mayasteniya ce. Zan tura ki wurin likitan jijiyoyi ya tabbatar." Na ciro takardar ƙanwata na nuna mata. Suna ɗaya ne.

Ku likitoci ne da yawanku, kun fi ni sanin wannan, amma wasiƙar a buɗe take, bari in faɗi yadda aka fahimtar da ni saboda masu karatu. Cikakken sunanta mayasteniya girabis. Jijiya lafiya lau take, tsoka ma lafiya lau. Matsalar a mahaɗarsu take. Duk lokacin da mutum zai motsa, bakin jijiya yana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, kamar ɗan aike, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofofin da ke jikin tsoka. A wannan ciwo, sojojin garkuwar jiki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, su ne ke kuskure su tare ƙofofin, su lalata wasu. Dogarai ne suka hana shiga gidan sarkinsu. Da safe 'yan aike suna da yawa, ko ƙofofi kaɗan suka rage saƙo yana isa. In aka yi ta aiki sai su ragu, saƙo ya daina isa, tsoka ta yi lakwas. In an huta su taru, ƙarfi ya dawo. Sanyi yana rage saurin abin da ke share ɗan aiken daga bakin ƙofa, shi ya sa ƙanƙara ta buɗe idona, shi ya sa kuma zafin bazara ke kayar da mu. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da kuma maza da suka manyanta. Yawanci babu ciwo, babu mutuwar fata, hankali ras yake. Ƙarfi ne kawai ke tsiyayewa.

Ba baƙuwar cuta ba ce. Tun 1672 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana wata mata da in ta daɗe tana magana sai muryarta ta ɗauke, sai bayan awa ɗaya ko biyu ta dawo. Da na ji wannan sai na ce ashe ina da 'yar'uwa tun shekara 350 da suka wuce. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai ciwon allurar wani magani, fatar idonta ta ɗaga, ta iya haɗiya. Abin da ya ba ni mamaki, har ya ɗan ba ni haushi, shi ne asalin maganin: daga wani wake aka samo shi, waken Kalaba, na nan ƙasarmu, wanda mutanen can suke ba wanda ake zargi da maita ya sha a da. Ƙwayar da nake sha yau jikanyar wannan wake ce, amma sai an yi odarta daga waje. A 1973 ne masu bincike a Amurka suka nuna, ta hanyar gwaji a kan zomaye, cewa garkuwar jiki ce ke aika-aikar. Masu kallon fina-finan Indiya kuma, jarumin nan Amitabh Bachchan an gano masa ita a 1984, ga shi nan ya tsufa yana sana'arsa. Ina faɗa ne don a san cewa in an gano ta, ana rayuwa da ita.

Ƙanƙara zargi take ƙarfafawa, ba ta yanke hukunci, kuma ga mai saukar fatar ido kawai take aiki. Tabbatarwa ita ce ta ci mana kuɗi da tafiya. Likitocin jijiyoyi a manyan asibitocin koyarwa suke, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Wanda ke ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na kwana kafin ya yi maganar kuɗin gwaji. Akwai gwajin jini da ke neman waɗancan sojoji masu tare ƙofa. A cikin waɗanda ciwon ya game musu jiki, ana samunsu a jinin kusan 85 cikin 100. Ga waɗanda ya tsaya musu a ido kaɗai, kusan rabi ne ake samu. Wasu kuma nasu sojojin wani iri ne daban da sai a 2001 aka gano shi, kuma gwajinsa daban. Wato in sakamako ya fito babu komai, ba a sallami mutum ba ke nan. Akwai gwajin da ake ɗana wa jijiya 'yar wutar lantarki a jere a ga ko amsar tsoka tana raguwa. Ana duba maƙoƙo, don cutarsa takan yi rakiya. Sannan ana ɗaukar hoton ƙirji da na'urar siti-sikan saboda wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, taimus. Tsakanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙari a wurin, wanda sai an yi tiyata an cire. Ni jinina a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa aka ɗiba, aka ce sai an aika da shi nesa. Kuɗin ya fi albashina na wata. Na sayar da 'yan kunnena na aure, muka jira mako uku. Ya fito akwai su.

Ranar da na sha ƙwayar firidostigmin ta farko, wadda aka fi sani da Mestinon, bayan kamar minti arba'in na ci tuwo da miyar kuka har da nama, ban tallafe haɓa ba. Uwar mijina tana zaune tana kallona. Ba ta ce komai ba, amma washegari ita ta aiko mini da farfesu.

Ranku ya daɗe, na san abin da ke kan teburinku. Maleriya, tamowa, mata masu mutuwa wajen haihuwa, mashaƙon da ya ɗauke mana yara a 2023, likitoci suna ta ficewa waje. Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, wa ke da lokacin ciwon da ba a cika gani ba? To mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. A Amurka ana ƙiyasta masu ciwon tsakanin 14 zuwa 20 cikin kowane mutum 100,000. Mu rage, mu ce 10. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano kaɗai sama da mutum miliyan 9. Mutum 900 ke nan da ɗoriya, a jiha ɗaya, da lissafin shekarun baya. Ina suke? Ni na san inda suke, don na zauna tare da su. Suna layin masu taifot, suna gidan mai ruƙiyya, suna ɗakin iyayensu an sako su saboda lalaci. Wasu kuma an binne su an ce numfashi ne ya sarƙe.

Ba gini na zo roƙo ba, ba kuma injin miliyoyi ba. Tambaya ɗaya nake roƙo ku saka a bakin ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da malaman jinya da masu kemis: "Raunin nan, yana ƙaruwa in kin yi aiki ko in yamma ta yi, ya ragu in kin huta?" In amsar e ce, ga kuma saukar fatar ido ko gani bibbiyu ko muryar hanci ko gajiyar tauna, a sa mutum ya kalli sama minti ɗaya, a sa shi ƙirga, a rubuta masa takardar turawa gaba da sunan abin da ake zargi a jiki. Kun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Saboda shan-inna kun koya wa kowace mazaɓa cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya a kai rahoto, har aka kai ga Agustan 2020 da aka tabbatar an raba ƙasar nan da asalin ƙwayar cutar shan-inna. Waɗannan ma'aikata suna nan, tarukan horonsu suna nan. Minti ashirin a ciki ya isa. Ƙanƙarar ma ba sai an saya ba, tana nan cikin akwatin rigakafin da ake fita da shi unguwa-unguwa.

Ba cewa nake duk mai kasala wannan ciwon ke damunsa ba. Raunin da ya faɗo farat ɗaya a ɓari guda, da karkacewar baki, shanyewar jiki ce, a ruga asibiti. Wanda ya faro daga ƙafafu yana hawa sama cikin kwanaki, sau da yawa bayan gudawa ko mura, wata cutar garkuwar jiki ce daban mai cin jijiyar kanta. Akwai mai kumbura tsoka, akwai ƙarancin gishirin jini, akwai ƙarancin jinin kansa. Bambance su aikin likita ne. Abin da nake nema a daina shi ne mayar da kowane rauni taifot.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne maganar magunguna. Da likitan jijiyoyi ya miƙo mini jerin magungunan da ke tayar da ciwon, sai na ga kamar kantar kemis ɗin unguwarmu ya kwafo. Jentamaisin, wato jantar da aka yi mini. Sifro da danginsa, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga musu gargaɗi na musamman game da masu mayasteniya. Azitiromaisin da eritiromaisin. Kwinin da kulorokwin. Wasu magungunan hawan jini da bugun zuciya. Daren nan da na kwana a zaune, ashe ba tsoro ba ne. Tsokokin numfashina ne suka gaji, kuma abin da aka ba ni don in warke shi ya ingiza su. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon yakan faɗa wannan hali ko sau ɗaya ne a rayuwa, wasu har sai an sa musu na'urar numfashi. Na'urar yatsa kuwa ba ta nuna haɗarin da wuri, don huhun lafiyarsa ƙalau, mai zuga shi ne ya gaza. Kafin lambar ta faɗi an makara. Abin da likitan ya koya mini ya fi ta amfani: in ja numfashi ɗaya in yi ta ƙirga. In ban kai 20 ba, ko wuyana ya kasa ɗaukar kai, ko yawu ya gagare ni haɗiya, kada in jira gari ya waye. Wannan bai kamata ya zama sirri tsakanina da shi ba. Ya kamata duk mai kwana a ɗakin taimakon gaggawa ya san shi.

Sai allurar magnesiyam, wadda ake yi wa mai ciki in jijjiga ta kama ta. Allura ce mai albarka, ta ceci matan Arewa da yawa, kuma kada kowa ya fahimce ni a kan a daina ta. Amma ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. Ku tuna su wa ciwon ya fi kamawa: mata masu shekarun haihuwa. Ku hango wata irina a wata na tara, ba a gano ciwonta ba, an kawo ta ɗakin haihuwa jini ya hau. Ungozoma za ta yi daidai abin da aka koya mata. Layi ɗaya a katin awo, tambaya a kan saukar ido da gajiyar tauna, zai ba likita damar neman wata hanyar tun da wuri. Jaririn ma a sa masa ido, don ɗaya ko biyu cikin goma na 'ya'yan masu ciwon sukan zo da raunin tsotso da na kuka, wanda ke wucewa cikin makonni in an kula. Haka masu sa barci a ɗakin tiyata suna buƙatar a gaya musu kafin su ɗauko allura. Ni yanzu ina yawo da wani kati da ƙanwata ta rubuta da hannu, ta kai aka manne shi da leda, sunan ciwon a gaba, jerin magungunan a baya. Me zai hana ma'aikatunku su buga irinsa da Hausa da Turanci, da hatimi a jiki, yadda in na miƙa shi ba za a ce na zo da cutata daga intanet ba?

Maganin kansa ma wani yawo ne. Firidostigmin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ku aiki direbanku ya nemo shi a garinku ku ga kantuna nawa zai shiga. Ƙwaya ce da ƙarfinta awa uku zuwa huɗu ne, ana shan ta sau da yawa a yini, kullum. Tun da darajar Naira ta faɗi, duk zuwa da sabon farashi. Akwai watan da na koma ɓallara ta biyu don ta kai ni ƙarshen wata, na zaɓi darasin safe na bar na rana. Ita kuma ba ta taɓa tushen ciwon, ɗan aiken kawai take tsawaita wa zama a bakin ƙofa. Masu lallashin garkuwar jikin su ne irin su firednisolon da azatayofirin, kuma suna son likita a kusa da gwajin jini a kai a kai. A nan ina jan kunnen 'yan'uwana: kada wanda ya karanta wannan ya je ya saya da kansa. Firednisolon in aka fara shi da yawa yakan ƙara raunin a makonnin farko, ita kuma Mestinon in ta yi yawa sai murɗar ciki da gudawa da dalalar yawu, har ta kawo raunin da ake gudu. Ga wanda numfashinsa ya gaza akwai wankin ruwan jini da kuma wani ƙarin ruwa na sinadaran garkuwa, amma kuɗinsu ba na malamin firamare ba ne. Jihohinku suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, ana kuma yankar albashin ma'aikata saboda su. Ina roƙo ku duba jerinsu, in firidostigmin da gwajin jinin nan ba sa ciki ku saka su. Ku haɗa kai ko jihohi uku-uku ne a samu ɗakin gwaji ɗaya da zai riƙa yi a nan gida, a daina aika jininmu yawon duniya. Ku sa a riƙa rubuta adadinmu, ko a littafi mai shafi 40 ne irin nawa.

Wata buƙatar ba ta kuɗi ba ce sam. In mara lafiya ya zo da hoto a waya, ko da littafi, ko da suna a takarda, a karɓa a duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitar da ta gano ciwona ba ta fi sauran na'ura ba, ba ta fi su shekaru ba. Littafina ta karanta.

Na koma aji. Shugabar makarantarmu ta mayar mini da darussa masu yawan magana zuwa safiya, wani yaro dogo a ajin shi ke rubuta mini kwanan wata a saman allo. Hoton ƙirjin nan dai har yanzu ban yi ba. Likita ya rubuta shi tun ganinmu na biyu, duk zuwa sai ya tambaya, ni kuma in sunkuyar da kai. Na shiga adashin malamai saboda shi, kwasata sai watan jibi. Takardar tana cikin jaka, a aljihun da takardar ƙanwata ta yi wata biyar.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi muku jagora.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar aji huɗu